FANGALI A TSAKAR GIDA: GADON FADAMAR RIMA A HANNUN MAZAUNA BIRNI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban wannan taro, iyayen ƙasa da wakilansu, malamanmu masu daraja, shugabannin ƙungiya na uwa da na rassa, iyayenmu mata, matasa manyan gobe, da sauran 'yan'uwa da suka yi takakkiya daga Sakkwato, Kano, Kaduna, Abuja, Ikko da sauran garuruwa, ina yi wa kowa barka da zuwa, tare da fatan an baro iyali lafiya.

GABATARWA

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin yin magana kan noman kayan miya iri-iri a ɗan ƙaramin fili na cikin gida. Na san cewa a cikin wannan zaure akwai waɗanda iyayensu ke loda manyan motoci da albasa da tafarnuwa daga Wurno da Goronyo zuwa Kudu, don haka ba zan yi mamaki ba idan wani ya ce a ransa, ina amfanin tara manyan mutane a kan filin da bai kai faɗin tabarma biyu ba? Amsata ita ce, motocin nan ba a ƙofar gidajenmu na birni suke sauke kaya ba. Mu da aka haifa a bakin fadama, yau mu ne ke tsayawa gaban mai tebur muna cinikin kashin tumatir huɗu, muna roƙon a yi mana gyara da lawashi. Hausawa kuwa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da nake son in tabbatar a wannan jawabi guda ɗaya ne. Dabarar noman ɗan fili da duniya ke yayi, wadda ake rubuta littattafai a kanta, fangalin nan ne na garkar kakanninmu aka rage masa girma aka shigo da shi tsakar gida. Saboda haka babu wanda ya fi ɗan Wurno da Rabah da Goronyo cancantar ya riƙe ta, ya ci moriyarta, ya kuma koya wa 'ya'yansa.

TUSHENMU A NOMAN RANI

Ƙasarmu ƙasar gulabe ce. Gulbin Rima ya ratsa Goronyo da Wurno, Gulbin Sakkwato kuma ya bi ta Rabah, kafin su haɗu kusa da birnin Sakkwato. Ambaliyar da suke yi kowace damina ita ke shimfiɗa laka mai albarka a fadama, ta kuma bar ruwa kusa da doron ƙasa, yadda manomi zai haƙa 'yar rijiya ya kafa jigo ya yi ta ban-ruwa har rani ya fita. Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno, inda ya rasu a 1837 kuma aka rufe shi, manufarsa ta haɗa da zaunar da jama'a wuri ɗaya su tsare iyaka, su yi noma, su yi sana'a. A littafinsa Usulus Siyasa ya lissafa kula da manoma da masu sana'o'in hannu cikin wajiban shugaba. Ke nan noma a wannan yanki tsari ne da aka gina garuruwanmu a kansa tun farko.

Zamani ya zo da nasa sauye-sauye. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Madatsar ruwa ta Bakolori da aka gama a 1978 ta rage ambaliyar da ke isowa fadamun da ke ƙasa da ita a Gulbin Sakkwato. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka kuma buɗe a 1992, an gina ta ne don ta riƙe ruwa fiye da mita miliyan 900 na awon ciki, domin noman rani da ruwan sha. Shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa rijiyoyin burtsatse na fadama da ƙananan injunan ban-ruwa, har jigo ya zama abin ba yara labari. Amma duk da waɗannan sauye-sauye, abu ɗaya bai canza ba. Har gobe idan ka shiga garkar albasa a ƙasar Wurno za ka tarar an yanka ta fangali-fangali, kowane da ɗan kunyarsa da ke tare ruwa, ga salak a gefen wannan, ga tonka a bakin wancan, ga sure an jera a kan iyaka. Manominmu ya daɗe da sanin cewa ƙaramin wuri da aka ƙayyade ya fi sauƙin ban-ruwa, ya fi sauƙin cira, ya kuma fi riƙe taki.

YADDA DABARAR TA ZAGA DUNIYA

A 1981 wani injiniya Ba'amurke mai suna Mel Bartholomew, bayan ya yi ritaya, ya wallafa littafi mai suna Square Foot Gardening, wato noman lambu bisa awon ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi. Ya lura cewa masu lambun gida a ƙasarsu suna kwaikwayon manyan gonaki, suna yin dogayen layuka da hanyoyi a tsakani, sai mafi yawan fili da ruwa da taki su tafi ga ciyawa. Sai ya ba da shawarar a yi akwati mai ƙafa 4 kowane gefe, a raba shi gurbi 16 kamar gidajen dara, a shuka abu daban a kowane gurbi, a kuma ƙidaya tsiron da gurbin zai ɗauka gwargwadon girmansa: 1, ko 4, ko 9, ko 16. Hikimar ƙafa 4 ita ce, hannun mutum zai kai tsakiya daga kowane gefe, don haka ba a taka ƙasar balle ta danƙare.

Ba Amurka kaɗai ta koma ga ƙananan lambuna ba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, lokacin da mai da takin zamani suka yanke wa ƙasar Kuba, mazauna birnin Habana sun cika kangaye da irin waɗannan akwatunan ƙasa don su sami ganyen ci. A unguwar Kibera ta birnin Nairobi, inda babu filin ko taku ɗaya, mata na shuka ganye a jikin buhunan da aka cika da ƙasa. Maƙwabtanmu na Nijar, bayan farin 1984, gwamnatin Janar Seyni Kountché ta tura jama'a ga noman rani gadan-gadan. Mu ma a nan gida, dattawan da ke cikin wannan zaure za su tuna shirin ciyar da ƙasa na 1976, zamanin Janar Obasanjo, lokacin da aka yi ta kira ga ma'aikata da makarantu su noma duk wani fili da ke bayan ɗaki. Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne, duk sa'ad da abinci ya yi tsada ko hanya ta toshe, ɗan filin da ke kusa da murhu shi ke fara kai ɗauki.

ME YA SA YANZU?

Dalili na farko shi ne aljihu. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin dakon kaya ya tashi, kuma a watan Yuni 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Kowace uwargida a nan ta san cewa idan kuɗin cefane ya gaza, ba a rage tuwo, miya ake ragewa. Ganye da kayan lambu su ke fara fita daga tukunya.

Wannan ya kai mu ga dalili na biyu, wato lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum. Alayyahu da zogala da karas suna ɗauke da sinadaran da ke taimakon ido da jini, musamman ga yara da masu juna biyu. Haka kuma mai saye a kasuwar birni bai san da wane ruwa aka shayar da salak ɗin da zai ci ɗanye ba, bai kuma san yaushe aka yi masa feshi na ƙarshe ba. Masana sun sha yin gargaɗi kan lambunan da ake shayarwa da gurɓataccen ruwan rafin Jakara a Kano, kuma kusan kowane babban birni yana da irin nasa. Abin da ka shuka da hannunka ka san tarihinsa tun daga iri har faranti.

Dalili na uku ya fi sauran nauyi a zuciya. Rashin tsaro ya taɓa gabashin Sakkwato ƙwarai. Ba mu manta da harin Tabanni a ƙasar Rabah a watan Yuli 2018 ba, ko na kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Dangi da yawa sun baro gonakinsu sun dawo cikin gari, wasu a gidajenmu suke zaune. Manomin da aka raba da gonarsa an raba shi da abinci, an kuma raba shi da aikin da ya san kansa da shi. Ɗan fangali a tsakar gida ba zai maye masa fadama ba, amma zai ba hannunsa abin yi, ya mayar da shi malami a gidan da ya shigo a matsayin baƙo.

YADDA AKE KAFA FANGALIN

Da farko a zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla awa 6 a yini, wanda ruwan sama ba ya kwanciya a cikinsa, kuma ba ya ƙarƙashin indararo. Ya kasance kusa da madafa, domin lambun da ido ke gani kullum shi ake kula da shi.

Littattafan Turawa sun ce a yi akwatin da katako, amma mu mun san halin gara. Bulo ya fi mana. Bulo 12 mai kaurin inci 6, idan aka jera uku-uku a kowane gefe, kan kowane layi ya tokari cikin na gaba da shi, za a sami fili mai ƙafa 4 cif a ciki, da zurfin inci 9. Ba a buƙatar siminti, don haka ɗan haya zai iya kwashe kayansa ranar da zai tashi. Idan daɓen siminti ne a ƙasa, sai a shimfiɗa tsakuwa kaɗan, a kuma bar 'yan kafofi tsakanin bulo don rarar ruwa ta fita.

Ƙasar da za a zuba ita ce ran aikin. Haɗin da Bartholomew ya bayar yana da kayan da ba a samu a kasuwanninmu sai da tsada, amma muna da madadinsu. A haɗa kashi uku daidai wa daida: ƙasar gona mai kyau, ruɓaɓɓen takin dabbobi, da tsohon ɓuntun shinkafa, ko yashin gulbi idan babu ɓuntu. Baro 5 zuwa 6 zai cika fangalin. Ina jan hankali kan kalmar ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. A tara shi a inuwa, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har wata 2 zuwa 3, sai ya yi baƙi, zafinsa da warinsa sun tafi. A guji ƙasar bola da ta bakin kwata, saboda gubar batir da sauran tarkacen zamani.

Bayan an cika an baje, sai a ɗaura igiya uku a tsaye, uku a kwance, ko a jera karan dawa, a fitar da gurbi 16. Daga nan sai ƙidaya. Masu girma kamar tumatir, tattasai, tarugu, yalo, kabeji da guro, wanda mutanen Kano ke kira kuɓewa, ɗaya-ɗaya ne a gurbi. Salak da alayyahu huɗu-huɗu. Albasa mai kai da tafarnuwa tara-tara. Karas da albasar da ake so don lawashi kawai, sha shida-sha shida.

Ga misalin jeri na lokacin sanyi. A layin arewa a sa tumatir gurbi 2, tattasai 1, tarugu 1, a kafa musu sanduna. A layi na biyu a sa kabeji 1, yalo 1, salak 2. A na uku albasa 2, tafarnuwa 1, karas 1. A layin kudu alayyahu 2, lawashi 1, lansir 1. Wannan iri 11 ke nan a filin da bai kai inda ake ajiye babur biyu ba. Dalilin sa dogaye a arewa shi ne, a watannin sanyi rana tana karkata ne ta kudu, don haka inuwarsu za ta faɗa waje, ba ta rufe gajeru ba.

KOWANE LOKACI DA ABINSA

Ɗan fadama ba ya buƙatar a gaya masa cewa shuka tana da kalanda. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, shi ne na tumatir, salak, karas, kabeji, albasa da tafarnuwa. Tumatir da tattasai da albasa da kabeji ana renon irinsu a wani mazubi dabam har mako 4 zuwa 6 kafin a dasa da yamma. Karas kuwa ba ya son dashe, a gurbinsa ake shuka shi. Idan bazara ta shigo, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40, tumatir yakan zubar da fure, salak ya yi ɗaci. A lokacin sai a koma ga alayyahu da guro, a rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, a kuma yi 'yar rumfar zana ta tare ranar azahar zuwa la'asar. Da damina ta sauka, fage ya zama na rama, sure, lalo, guro da alayyahu. Mazauna Ikko da Fatakwal, inda ruwa ya fi yawa kuma sanyin hunturu bai cika ƙarfi ba, za su ga cewa ganyaye da tarugu sun fi karɓar ƙasarsu fiye da tafarnuwa da albasa mai kai.

Alayyahu yakan isa yanka cikin mako 3 zuwa 4, kuma idan aka yanke sama aka bar gindi zai sake tohowa. Salak na ɗaukar mako 6 zuwa 8, guro kimanin wata 2, karas kimanin wata 3, albasa wata 3 zuwa 4 bayan dashe. Duk gurbin da aka girbe, a zuba masa taki cikin tafi biyu a sake shuka wani abu nan take. A nan ne ribar tsarin take, domin babu ranar da fili ke zaune banza. Sai dai a kiyaye ƙa'ida ɗaya: tumatir, tattasai, tarugu da yalo dangi ɗaya ne, cuta ɗaya ke kama su, don haka kada ɗayansu ya gaji ɗan'uwansa a gurbi. A bi bayansu da albasa ko ganye ko wake.

MAGANAR RUWA

Na san wannan ita ce tambayar da ke bakin kowa, domin da yawanmu daga hannun 'yan garuwa muke sayen ruwa. Mu mutanen Rima mun ga fuskokin ruwa biyu. Mun ga ambaliyar 2010 da ta cinye garuruwa da gonaki a Goronyo da Wurno da maƙwabtansu, mun kuma ga 2018, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya ja baya har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da take ɗauka. Wanda ya ga waɗannan ba zai yi wasa da ruwa ba.

Fangali mai ƙafa 4 yana shan kimanin lita 7 zuwa 12 a yini, gwargwadon zafi da girman shuka. Jarka ɗaya mai lita 25 za ta yi kwana biyu ko uku a hunturu. Mafi yawan wannan ruwa kuwa akwai shi a gida, zubar da shi muke yi. Ruwan alwala idan aka tara a roba, da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya, duk sun dace. Wanda bai dace ba shi ne ruwan wanki mai sabulun gari ko sinadarin cire datti, da ruwan da ke da gishiri ko maiƙo. A yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma, a gindin shuka, a hankali. Wanda aiki ke hana shi zama gida zai iya binne ƙaramin tulun ƙasa a tsakiyar fangali har wuya, ya cika shi da ruwa ya rufe bakin. Tulun zai riƙa tsattsafowa sannu a hankali, saiwoyi su sha gwargwadon bukata.

ABOKAN GABA

Manyan ɓarayin lambun gida ba ƙwari ba ne. Akuya ce da kaji da ƙadangaru da tsuntsaye, wani lokaci har da ƙwallon yara. Ɗan shinge na kara ko waya, da tsohon gidan sauro da aka yafa a kan sanduna, sun isa maganinsu. Game da ƙwari, cakuɗa iri daban-daban kansa kariya ne, domin tsutsar da ke son kabeji ba ta samun kabeji ɗari a jere. Fili kuma ƙarami ne, ana iya duba bayan kowane ganye da safe a tsince tsutsa da hannu. Idan abin ya yi yawa, a daka 'ya'yan dogon yaro ko ganyensa, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma. Ina roƙon iyayenmu mata da kada a kusanto da maganin ƙwari mai guba ga abin da za a yanka gobe a sa a kwaɗo, a cikin gidan da yara ke rarrafe.

Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya ko a saman bene, shi ma ba a bar shi a baya ba. Kowane gurbi ana iya mayar da shi bokiti ko tsohuwar roba ko buhun shinkafa da aka huda ƙasansa. Bokiti ɗaya tumatir ɗaya, baho ɗaya salak huɗu. Na'ana'a ma a irin wannan mazubi ya kamata a sa ta ko da akwai fili, domin takan mamaye maƙwabtanta.

IYAKAR ABIN

Ya kamata a faɗi gaskiya don kada a ɗora wa fangali abin da ba zai iya ba. Ba zai ba da gero ko shinkafa ba. Fangali ɗaya ba zai wadatar da gida mai mutum goma da tumatir ba, kuma ba zai sa a daina zuwa kasuwa ba. Abin da zai yi shi ne ya tabbatar da ganye sabo a tukunya sau da yawa a mako, ya ɗauke kuɗin lawashi da tarugu da salak, ya kuma rufa asiri ranar da baƙo ya sauka aljihu babu nauyi. Wanda ya ga amfanin ɗaya zai ƙara na biyu, da yayyafi kogi kan cika. Haka nan ba kishiya ba ne ga manomanmu na gida. Mutumin da ya taɓa renon albasa tara har suka yi kai, shi ne zai san wahalar mai buhu ɗari, ya daina yi masa tayin wulakanci.

Akwai kuma amfanin da ba a auna shi da mudu. Yaranmu da aka haifa a birni, da yawansu ba su san bambancin ganyen albasa da na tafarnuwa ba, ba su san mene ne gabu ba, ba su taɓa jin kalmar fangali ko jigo ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wannan sai idan ɗan ya ga gudun uwarsa. A ba kowane yaro gurbi biyu a ce nasa ne, shi zai shuka, shi zai shayar, shi zai girbe. A nan zai koyi lissafi da haƙuri da amana, a nan kuma kakarsa za ta sami hanyar ba shi labarin Lugu da Achida da Gandi da Shinaka.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Na farko, kowane reshe ya nemi gida ɗaya ko harabar makarantar Islamiyya ɗaya ya kafa fangalin gwaji kafin hunturu mai zuwa, domin gani ya kori ji.

Na biyu, uwar ƙungiya ta riƙa sayen irin albasa da tafarnuwa da tonka da guro kai tsaye daga manomanmu na gida, a ƙulla shi ƙanana-ƙanana a raba wa rassa lokacin taron shekara. Kuɗin ya koma gida, irin gida kuma ya bazu.

Na uku, a cikin tallafin da ake ba zawarawa da marayu da 'yan gudun hijira, a ware wani kaso na bulo 12 da taki da iri. A kuma ɗauki ƙwararrun manoma daga cikin waɗanda rikici ya koro su zama masu koyarwa, a biya su ladan aikinsu.

Na huɗu, ɓangaren mata ya jagoranci wannan aiki, domin su ne suka san abin da tukunya ke nema. 'Ya'yanmu da suka karanta aikin gona a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da sauran makarantu su ba da gudummawar iliminsu kyauta.

Na biyar, a taron baɗi kowane reshe ya kawo rahoton gidaje nawa suka kafa, me ya yi kyau, me ya lalace, a buga a wannan mujalla don wasu su ƙaru.

KAMMALAWA

Ya ku 'yan'uwa, neman ilimi da aiki da kasuwanci ne suka fitar da mu daga gida, kuma babu laifi a cikin haka. Laifin shi ne mu bar sanin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarawa a bakin Rima ya ƙare a kanmu, har jikokinmu su koma koyonsa daga littattafan wasu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bulo 12, baro 6 na ƙasa, da ruwan alwalar da muke zubarwa kullum, su ne jarin da ake nema. Ina fatan idan Allah Ya kai mu baɗi, salak ɗin da za a ci a walimar wannan taro daga tsakar gidajenmu zai fito.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da manomanmu gonakinsu cikin aminci, Ya sa albarka a abin da muka shuka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.